Kada Ya Saki Lissafi

Tambaya: Malam, ɗana ya kammala jarrabawar sakandare ta GCSE a nan Landan, zai shiga kwalejin shekara biyu ta share fagen jami'a. Kullum yana manne da kwamfuta, ya ce zai ajiye lissafi ya ɗauki ilimin kwamfuta a A-level, wato karatun da ake yi a wannan kwalejin. In ƙyale shi? — Wata uwa, Landan

Amsa: Hajiya, ilimin kwamfuta ya ɗauka da hannu biyu, amma lissafi kam a'a. Abin da yara da yawa ba sa ganewa sai sun zo neman gurbi shi ne, jami'o'i irin su Cambridge da Imperial lissafin A-level suke nema ga mai son digirin kwamfuta. Shi darasin kwamfutar ba su wajabta shi ba.

Ki kuma tambaye shi me yake yi da kwamfutar. Buga wasa daban, rubuta manhaja daban. A tsarin hukumomin jarrabawa na AQA da OCR, kashi 20 cikin 100 na maki yana kan aikin da ɗalibi ya gina da kansa, galibi da Python (wani yaren rubuta manhaja), sauran kashi 80 jarrabawa ce. A darasin akwai lambobin binary (na 0 da 1), da dabarun jera bayanai, da yadda intanet ke aiki. Nawa ɗan, kwana uku ya yi yana farautar kuskure a manhajarsa, ashe alamar baka ɗaya ce, wato ( ), bai rufe ba. Har abinci ya ƙi ci, mahaifiyarsa na ta faɗa.

Kafin a fara karatu a watan Satumba, ki sa shi ya rubuta ƙaramar manhaja da za ta lissafa kuɗin cefanen gidanku na wata. In ya jure gyara ta har ta yi aiki, ki sa masa albarka.