Tambayoyin Masu Karatu: Jakar Tafiya Mai Zane a Jiki

Tambaya: Ina son sayen jakar yadi ta tafiyar kwana biyu, irin wadda aka buga wa tsohon zanen karkara a jiki. Me zan duba don kada zanen ya lalace tun ban more ta ba?

Amsa: Malama, fara tambayar irin yadin, domin shi ke nuna yadda aka buga zanen. Idan polista ce, da zafi ake shigar da launin, wajen digiri 200 a ma'aunin Celsius, sai rinin ya ratsa cikin zaren. Irin wannan ba ya ɓarewa, ko kin shafa ba za ki ji tudu ba. Idan auduga ce, tawadar a saman zare take zama. Ta fi daɗin taɓawa, amma tana tsattsagewa a inda ake yawan ninkewa. Ki lanƙwasa gefen zanen ki ja kaɗan. In farin yadi ya leƙo ta cikin launin, bugun bai kama ba.

Ki kuma dubi sararin saman da ke cikin zanen. A audugar da ba a mai da ita fara fat ba, in ba a fara shimfiɗa farar tawada ba, gajimare kan koma ruwan ƙwai, shuɗi ya dushe. Sai siffa: misali, zanen da John Constable, mai zane ɗan Ingila, ya yi a 1821, mai keken doki a cikin rafi, faɗinsa santimita 185 ne, tsayinsa 130. Jaka mai faɗi ce ta dace da shi. A jakar da tsayinta ya fi faɗinta, ko a datse gefe ko a matse shi har bishiyoyi su rame, wanda a ganinmu ya fi muni.

Tambaya: Wane girma zai ishe ni, kuma ina jakar ta fi saurin mutuwa?

Amsa: Malam, lita 30 zuwa 40 ta isa kaya kala biyu, takalma da kayan wanka. A gindin hannu take fara yagewa. Nemi wadda aka ɗinke hannunta da murabba'i mai gicciye a ciki, ko wadda igiyar ta zagaya ta ƙarƙashi, don nauyin ya bazu. Yadin auduga kada ya gaza giram 340 a kowace murabba'in mita. Zif lamba 8 ko 10, wato mai manyan haƙora, ya fi jure cika kaya a kan lamba 5.

Tambaya: Ana saka ta a injin wanki?

Amsa: Gara a bari. A goge tabon da tsumma da sabulu mara ƙarfi. In wanki ya zama dole, a juya cikinta waje, a wanke da hannu da ruwan sanyi, ban da bilic, ban da murɗawa. A shanya a inuwa, kuma dutsen guga kada ya hau kan zanen.