Gidan tirela a Texas: gidan naka ne, filin na wani

Tambaya: Barista, ina zaune a wajen Houston. Shekara huɗu ke nan da na sayi gidan tirela, wato irin gidan da ake ƙerawa a masana'anta a jawo shi a girke, a wata unguwar da ake hayar filin ajiye irinsa. Na yi masa baranda, na daɓe wurin ajiye mota da siminti, na canza rufi. Yanzu zan koma gida, na samu mai saye, sai manajan unguwar ya ce bai amince da shi ba. Ina ruwansa da gidana? Kuma ba dole su biya ni aikin da na yi ba?

Amsa: Malam, ban ga yarjejeniyar hayarka ba, don haka abin da zan faɗa na iya sauyawa idan na karanta ta. Amma bisa bayaninka, akwai ruwansa. Gidan ka saya, ba filin da yake kai ba. A idon doka irin wannan gida ya fi kusa da mota a kan gidan bulo, matuƙar ba a sauya rajistarsa an haɗa shi da fili ba. Babi na 94 na dokar kadarori ta Texas ya ce za ka iya sayar da shi a inda yake idan mai fili ya amince da mai sayen a rubuce, shi kuma mai sayen ya sa hannu a yarjejeniyar haya. Ba ciniki yake hana ka ba, sabon ɗan haya yake tantancewa.

Ikonsa ma yana da iyaka. Ba zai tilasta maka ka ɗauke shi dillali ba, ba kuma zai karɓi la'ada ba, sai in ka yarda da haka a rubuce. Idan ƙin nasa saboda addini, launin fata ko asalin mai sayen ne, dokar tarayya ta 1968 kan hana wariya a harkar gidaje ta haramta hakan. Sai dai zargi daban, hujja daban. Abin da ya fi damuna shi ne ya ƙi da baki kawai, bai faɗi dalili ba. Mutum na shirin barin ƙasa, bai kamata a riƙa yi masa jeka-ka-dawo ba.

Batun aikin da ka yi shi ne inda na san amsar za ta yi maka ɗaci. Rufi na jikin gidanka ne, za ka fanshe shi a farashi. Siminti kuwa ya bi ƙasa, kuma galibi irin waɗannan yarjejeniyoyi kan bar wa mai fili duk abin da aka kafa. Baranda ya danganta da yadda aka gina ta, da ko ka nemi izini. Idan ba ka nema ba, kada ka fara tayar da maganar diyya. Za su iya cewa ka rushe.

Takardun sayarwa kuwa sanannen abu ne: shaidar mallaka daga TDHCA, hukumar gidaje ta jihar Texas, da sunanka, harajin gunduma a biye, babu bashi a kan gidan.

Ƙaramar kotu na sauraron ƙara har ta dala 20,000, amma ban ga abin da za ka tsinta a can ba, ga kuɗin haya na tafiya kowane wata. Janye gidan ma tsada gare shi, kuma baranda ba za ta bi ka ba. Ka rubuta wa manajan wasiƙa cikin ladabi, ka nemi dalili da sharuɗɗansu a rubuce. Sau da yawa matsalar tarihin bashin mai saye ce, ana iya warware ta da mai tsaya masa. Idan ya yi shiru, cibiyar sasanta rikici ta gundumar Harris na zaunar da mutane sulhu. Kafin nan, ci gaba da biyan haya a kan lokaci, kuma kada ka karɓi kafin alƙalami sai amincewar ta zo hannunka.