Tambayi Likita: Zafi, Ƙishirwa da Harbin Kunama a Hamada

Likita, ni ɗalibi ne a jihar Arizona ta Amurka. Mu huɗu za mu yi hayar motar nan mai gado da kicin a ciki, mu kwana uku a hamada muna hawan duwatsu cikin watan Yuli. Ruwa nawa zai ishe mu?

Ɗana, in da so samu ne, ku ɗage tafiyar sai Nuwamba ko Maris. Yuli tsakiyar zafi ne a yankinku. A Death Valley da ke Kalifoniya, maƙwabciyarku, a Yulin 1913 aka auna zafin da ya kai digiri 56.7 a ma'aunin Celsius.

Idan kuma kun nace, kowannenku ya tanadi aƙalla lita 4 a rana, kuma wannan na mai zaman inuwa ne. Mai tafiya cikin rana yakan zubar da gumin da ya kai lita guda a awa ɗaya. Iskar hamada busasshiya ce, tana shanye gumin tun bai jiƙa riga ba, sai mutum ya zaci bai yi zufa ba alhali jikinsa na ƙafewa. Kada ku jira ƙishirwa. Ku riƙa duba fitsari: in ya yi kaɗan ya koma ja, ruwa ya yi ƙaranci. Ku fita da asuba, ku nemi inuwa da hantsi, kada ku sake motsawa sai bayan la'asar. Da zarar rabin ruwan da ke hannunku ya ƙare, ku juyo, ko da ƙolin dutsen na gabanku.

Ruwa zalla ma yana da nasa haɗarin. Wanda ya yi ta ɗirka ba ya cin komai, gishirin jininsa kan ragu, ya kama ciwon kai da amai, har ya kai ga jijjiga. Ku ci abu mai gishiri, ko ku haɗa ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne bugun zafi. In ɗayanku ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ya daina gane mutane, zafin jikinsa na iya haura digiri 40. Ku kai shi inuwa, ku tuɓe masa kaya, ku yi ta kwara masa ruwa kuna fifita, ku sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, wani kuma ya kira 911, lambar agajin gaggawa ta Amurka. Farasitamol ba ya maganin wannan. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa a baki.

Ni direba ne tsakanin Agadas da Dirku. Ina da ciwon sukari da hawan jini. Me zan kiyaye?

Malam, insulin, maganin sukari na allura, na lalacewa in zafi ya wuce digiri 30, don haka kada ka bar shi a gaban mota. Sa shi a kula, amma kada ya taɓa ƙanƙara. Wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, su ƙara busar da jiki. Kada ka daina sha da kanka, ka nuna wa likitanka kafin bazara. Ajiye dabino kusa saboda faɗuwar sukari.

In mota ta lalace, ku zauna a inuwarta, domin masu ceto sun fi saurin hango mota fiye da mai tafiya a ƙasa. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a arewacin Arlit, yawanci mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace.

Ɗana yana aikin zinariya a Djado da ke arewa maso gabashin Nijar, suna kwana a ƙasa. Na ba shi dutsen maciji. Ya wadatar?

Hajiya, dutsen ba ya zuƙe dafi. In maciji ya sare shi, ban da tsaga, ban da tsotsa, ban da ɗaure ƙafa tamau da igiya. A cire zobe, a hana gaɓar motsi, a nufi asibitin da ke da allurar dafi. Kunamar Sahara ba irin ta gida ba ce. In ya ga yawan miyau, amai ko sarƙewar numfashi bayan harbi, kada ya jira gari ya waye. Ya riƙa kakkaɓe takalmi da bargo kafin ya taɓa.

Da hunturu sanyin tsaunukan Ayar na arewacin Nijar ya yi yawa. Za mu iya shigar da kaskon gawayi cikin tanti?

A'a. Gawayi na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, mutum yana barci ta wuce da shi. Haka ma hayaƙin janareta kusa da tagar mota, ɗalibin Arizona ya lura. Ku ji ɗuminku a waje, ku ƙara bargo. Duk wanda ya farka da ciwon kai da jiri, a fitar da kowa sarari nan take, a kai su asibiti.