Tambaya da Amsa: Aikin da Ba a Gani a Bayan Kyamara

Tambaya, daga wani matashi a Ƙofar Marusa, Katsina: Assalamu alaikum. Mu shida muka haɗa kuɗi, muka yi hayar kyamara, muka ɗauki gajeren fim a wani gida. Hoto ya fito tsaf, amma magana ba ta fita, ga ƙarar janareta a ƙarƙashinta. Edita, mai haɗa fim ɗin bayan ɗauka, ya ce ba ta ciruwa. Ina muka kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Editanku gaskiya ya gaya muku. In ƙarar janareta ta cakuɗe da murya, ana iya rage ta, amma muryar za ta koma kamar daga cikin randa ake magana. Tun a lokeshin, wato wurin ɗaukar fim, ake maganinta.

Ku kai janareta nesa, kamar mita 30 zuwa 50, a bayan katanga, bakin salansa yana kallon wani gefen, sannan ku jawo wuta da doguwar waya mai kauri. Siririyar waya zafi take ɗauka, wuta kuma ta iso da rauni. Makirfon da ke jikin kyamara kada ku dogara da shi. Ku samu na kan sanda, mutum guda ya riƙe shi sama da kan mai magana, kamar kamu ɗaya daga bakinsa, daf da inda hoto ya yanke. Dole ya sa abin ji a kunne daga farko har ƙarshe, domin abin da kunne ya saba da shi, irin su firij da fanka da injin markaɗen maƙwabta, na'ura ba ta yafe shi. In kun kashe firij ɗin masu gida, ku ajiye makullin motarku a ciki don kada ku tafi ku bar musu shi a kashe.

Akwai abu guda da sababbin shiga ke mantawa. Bayan an gama kowace fitowa, kowa ya tsaya cak, a ɗauki shirun ɗakin na minti ɗaya. Da shi edita zai cike giɓi tsakanin maganganu, in ba haka ba sauti ya riƙa tsinkewa duk inda aka yanka. Kuma a tsara jadawali da lokutan sallah a ciki. Ana fara kiran sallah a dakata, a je a yi, a ci abinci, a dawo.

Tambaya, daga wata 'yar'uwa a Daura: An ba ni aikin kontinuiti, ban taɓa yi ba. Me ake so in yi?

Amsa: Malama, babban aiki aka ɗora miki: kula da cewa komai ya yi daidai daga wannan fitowa zuwa waccan. Ba a ɗaukar fim bi da bi yadda labari yake. Duk fitowar da ke ɗaki ɗaya a rana ɗaya ake kwashe ta, ko da a labari wata uku ne tsakaninsu. To jaruma ta fita daga ɗaki ranar Litinin, ba a ɗauki isowarta zaure ba sai Alhamis; ke ce za ki tuna mayafinta a kafaɗar dama yake, jaka a hannun hagu.

Ki tanadi littafi da waya mai caji. Kafin darakta ya ce a fara, ki ɗauki kowane ɗan wasa hoto daga kai har takalmi, ki ɗauki ɗakin ma. Ki rubuta lambar fitowa, lambar ɗauka, da wadda darakta ya amince da ita. Ki sa ido kan karin hula, ɗaurin ɗankwali, agogo, yawan shayin da ya rage a kofi. Ƙunshin lalle shi ya fi ba da wahala, don kullum kala yake sakewa. Gara a kwashe fitowar amarya cikin kwana biyu. Suturar wasa kuwa kada ki bari kowa ya tafi gida da ita.

In a hunturu kuke aiki, ki tuna wa darakta cewa yau hazo, gobe garau. Fitowar waje guda ɗaya a gama ta a yini ɗaya.

Tambaya, daga Ƙofar Ƙaura: Me ya sa hotonmu ke rawa da layi-layi in muka ɗauka a ƙarƙashin fitilar ɗaki?

Amsa: Wutar Nijeriya 50 Hz ce, wato sau 50 take kai-komo cikin daƙiƙa; in saitin kyamara bai dace da ita ba, hoto zai yi rawa. Ku saita kyamara a firam (hoto) 25 cikin daƙiƙa, shata kuma, wato tsawon lokacin da haske ke shiga kowane hoto, 1/50 na daƙiƙa. In har yanzu yana yi, ƙwan ne maras kyau ko janareta ba ya tafiya daidai.

Tambaya, daga Daura: Muna son ɗaukar wata fitowa a rijiyar Kusugu, wata kuma ta 'yan sanda suna bin ɓarawo a kasuwa. Sai mun nemi izini?

Amsa: Ƙwarai kuwa, Malam. Kusugu wurin tarihi ne mai masu kula da shi, ku kai takarda tun da wuri, ku faɗi rana da yawan mutanenku da abin da za a ɗauka. A unguwa ku fara gaida mai unguwa, ku sanar da maƙwabta.

Maganar kayan sarki da bindigar wasa kuwa, muna roƙonku kada ku yi sakaci da ita. A halin tsaron da jihar nan ke ciki, wanda ya hango mutum da bindiga yana gudu ba zai tsaya neman kyamara ba. Ku kai takarda ofishin 'yan sanda na yankin, ku karɓi amincewa a rubuce, ku nemi jami'i ya tsaya tare da ku. Bindigogin su zauna a jaka hannun mutum ɗaya, a ƙirga su wajen fitarwa da wajen mayarwa. Ku kuma kauce wa ranar da kasuwa ke ci. Ku tara mutanenku kamar ashirin a layi ɗaya, ku matso da kyamara, zai yi kamar kasuwa ta cika.