Ƙwayar nimoniya ta daina jin magani, ina allurar rigakafinta?

Tambaya: Likita, mahaifinmu ya kwanta asibiti da nimoniya. Sau uku ana canza masa allura kafin zazzaɓin ya sauka. Daga baya aka ce gwajin kakinsa ya nuna wata ƙwaya mai suna Klebsiella da ba ta jin yawancin magunguna. Me ya hana a yi mata rigakafi kamar na yara?

Amsa: Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Malama, tunaninki daidai ne. Ƙwayar bakteriya tana bijire wa magani ne ta hanyar fitar da sinadarin da ke narkar da shi, ko ta tofar da shi waje kafin ya yi aiki. Rigakafi ba ruwansa da wannan wayo. Shi rigar ƙwayar yake nuna wa sojojin jiki su haddace, ranar da ta shigo su far mata, ko tana jin magani ko ba ta ji.

Matsalar tana ga rigar. Ki ɗauki Pneumococcus, babbar mai jawo wa yara nimoniya: tana da riguna sama da 90, kowace da irin sukarin da aka saƙa ta da shi. Allurar farko ta jarirai da aka amince da ita a Amurka a 2000 iri 7 kawai ta rufe. Ta yi aiki, cutar ta ragu, har masu bijirewar suka ja baya. Sai wani iri da ba ya cikin allurar, 19A, ya samu fili ya bazu, shi ma ga taurin kai. Dole aka fito da mai iri 13 a 2010. Kamar mai toshe ramin gafiya ne, ka toshe nan ta ɓullo can. Duk da haka riba ce babba, kuma Najeriya da Nijar sun sa allurar Pneumococcus, wadda ake kira PCV, cikin rigakafin yara tun 2014.

Klebsiella kuwa har yau ba ta da allurar da aka amince da ita. Rigunanta sun haura 70, kuma waɗanda suka fi yawa a wata ƙasa ba lallai su ne a wata ba. Shi ya sa masu bincike suka karkata ga wani sukari da ke ƙarƙashin rigar, wanda ire-irensa kaɗan ne. Ga kuma wata wahala da ba a cika faɗa ba: wa za a yi wa? Wannan ƙwaya ta fi kama jariri sabon haihuwa, da tsoho, da wanda aka jona wa injin numfashi. Rigakafi yana bukatar makonni kafin ya kankama, kuma yana bukatar jiki mai ƙarfin amsawa. Wanda ke kwance rai a hannun Allah ba shi da ko ɗaya. An gwada allurar wata ƙwaya mai taurin kai, Pseudomonas, ga masu injin numfashi a Turai, ba ta rage mutuwa ba. Kamfanonin Merck da Pfizer ma kowanne ya dakatar da gwajin tasa allurar ta wata ƙwayar mai suna Staphylococcus. Don jarirai, dabarar da ake nazari ita ce a yi wa uwa tun tana da ciki, kamar yadda ake yi da allurar tetanus.

Inda ni na fi sa rai shi ne tarin fuka. BCG, mai barin tabo a damtse, tun 1921 ake amfani da ita. Tana kare yara daga mummunan nau'in cutar, amma ba ta tsinana wa huhun manya abin kirki. Wata sabuwa, M72, ta kare kusan rabin waɗanda aka yi wa a gwajin Kenya, Zambiya da Afirka ta Kudu, kuma an fara babban gwajinta a 2024. Rabi ba kaɗan ba ne ga cutar da maganin mai bijirewarta ke cin wata shida ko fiye.

Ga Baba, ki adana takardar gwajin kakin nan, ki riƙa nuna ta duk lokacin da za a rubuta masa magani, kuma kada a je kemis a sayo kafso da ka. In akwai jikoki a gidan, ki duba katinsu ki ga an cike gurbin PCV uku: sati 6, sati 10 da sati 14. Yara ne ke ɗauke da Pneumococcus a hanci su kai wa kakanni.