Amsa ga Hajiyar Gusau kan ciwon kafaɗar 'yarta mai sikila

Hajiya, sannu da jinya, Allah ya ba ta lafiya. Wallahi da na karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi, don wannan ciwon ba baƙo ba ne a wurinmu. Kin ce wata huɗu kafaɗarta ta hagu na ciwo, ɗaura ɗankwali ma ya gagare ta, an yi hoton ƙashi an ce ba a ga komai ba, yanzu dangi na cewa a kai ta wurin mai ɗori.

Don Allah kada ki kai ta.

Abin da ya kamata likita ya fara bincikawa shi ne mutuwar kan ƙashin damtse. Kan nan mulmulalle ne, yana juyawa cikin ƙoƙon kafaɗa, kuma 'yan siraran jijiyoyi ne ke kai masa jini. Idan jinin sikila ya toshe su, sai ƙashin ya fara mutuwa daga ciki, a hankali ya lotsa. Baya ga kan ƙashin cinya, nan ne wurin da abin ya fi kamawa. Bambancinsa da tashin ciwon da muka saba: wancan yakan lafa cikin kwanaki, wannan kuwa wuri ɗaya yake zama, ya ƙaru in ta ɗaga hannu ko ta kwanta a kansa.

Hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna shi da farko. MRI, wato hoton na'ura mai nuna cikin ƙashi dalla-dalla, shi ne ke kama shi. Ki roƙi likitanta ya rubuta, a duba ƙugunta duka biyun kuma, ko da ba ta kuka da su. In abin ya fi ƙarfin Gusau, ki nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na Sakkwato ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Amfanin saurin shi ne, kafin ƙashin ya lotsa ana iya yin ƙaramin aiki, a huda shi don a rage matsin da ke ciki. In ya riga ya rufta, ciwon ya hana sakat, sai maganar sa kafaɗar ƙarfe, ga tsada ga wahala.

Mai ɗori zai ce targaɗe ne ko gocewa. Ya sa a danne yarinya tana ihu, ya ja, ya murɗa ƙashin da ya riga ya yi rauni, ya ɗaure tamau da karare. Ɗaurin ya ƙara tare jinin da dama ba ya isa. Wani har tsaga zai yi, ƙwayar cuta ta samu hanya. In hannu ya lalace kuma a ce ƙaddara ce, uwa ce za ta kwana tana kuka ita kaɗai. Abin nan yana ci mini rai ƙwarai.

Sai masu kemis. Kada ki yarda a ba ta dexamethasone ko prednisolone ba da sanin likita ba, su kansu suna kashe kan ƙashi kuma suna tayar da sikila. Diclofenac da ibuprofen in aka daɗe ana sha suna taɓa ƙoda da ciki. Allurar kashe ciwo ta pentazocine kuwa ta zame wa yaranmu da yawa jaraba, kuma yawan yin ta wuri ɗaya na sandarar da nama. Farasitamol ga babba giram 1 ne duk awa 6, kada ya wuce giram 4 a rana.

A gida, ta bar daka, da jan guga, da ɗora bokiti a ka. A gasa mata da tawul mai ɗumi, ban da ƙanƙara, sanyi abokin gabarta ne. Amma kada ta naɗe hannun gaba ɗaya, kafaɗar za ta daskare. Ta dafa tebur da lafiyayyen hannu, ta sunkuya, ta saki mai ciwon yana reto a hankali, sauran motsin masu gashin ƙashi su nuna mata. Ruwa kuma kin san zafinmu, kada gorarta ta rabu da ita. Ki tambayi likitan jini batun hydroxyurea, maganin rage yawan tashin sikila, in ba ta sha.

In kika ga zazzaɓi, ko wurin ya kumbura ya yi zafi, wannan yana iya zama ƙwayar cuta a ƙashi. A ranar za ki kai ta asibiti, ko da dare ne.