Motar Tseren Ɗana Ba Ta Shan Kwana

Tambaya: Malam, na saka wa ƙaramar motar tseren ɗana, Mini 4WD ta kamfanin Tamiya na Japan, injin Hyper-Dash mai gudu sosai. Yanzu da ta iso kwana sai ta yi tsalle ta bar hanya. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, gaggawa ka yi. Ni ma na taɓa yi, sai ƙarƙashin kujera na tsinto tawa. Motar nan ba ta da sitiyari, ƙananan tayoyin gefe ne ke bin bangon hanya suna juya ta. Sayi masu boris, ka ɗan karkata na gaba ƙasa. Manna soson birki a ƙarƙashin gabanta. Giya kuma, bar 3.5:1 mai gudu ka koma 4:1 da bai kai shi gudu ba, har ta nutsu.